Kawu, wanzamin da ya ƙi yi wa ɗiyata ƙaho

Ranar Talata da hantsi aka fito da Kawu daga zaurensa na bayan kasuwar Filinge, kafin azahar har mun rufe shi mun dawo. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Wan mahaifiyata ne, kuma wanzami, wanda duk ƙasar Kurfai ta san zabirarsa.

Abin da na fara lura da shi a wurin zaman makoki kawunan mutane ne. Mako uku Kawu ya yi yana jinya, su kuwa dattawan unguwarmu suka ƙi kai kansu wurin wani, wai suna jiran ya tashi. Sai ga su jere a kan tabarmi, furfura ta tsiro ta leƙo ta ƙarƙashin huluna, kowa yana sosa ƙeya. Mahauta sun rufe rumfunansu sun zo. Zabarmawa sun taso daga wajen Damana suna ta “fonda tilas”, gaisuwarsu ta mutuwa. Wani Buzu daga Bonkuku ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gida, ya zauna wuni guda, da zai tafi ne ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna mini wani tsohon tabo, ya gyaɗa kai, ya hau ya tafi. Majo, babban ma'aikacin likita, wato ɗan asibitin garinmu, wanda suka shekara goma sha suna tsokanar juna da Kawu, ya zo da farar rigarsa ta aiki ya tsuguna gaban mahaifiyata ya ce, “Inna, ni takarda gare ni, shi ido gare shi.” Ita kuwa mahaifiyata tana share hawaye tana dariya, ta ce, “Har ya koma ga Allah bai bar tambayar mutane abin kunya ba.”

Ni ina zaune cikinsu ina amsa gaisuwa, amma hankalina yana can arewacin Abala, a ƙauyen da ɗiyata ta fari take aure. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Yarinyar nan tana da wata cuta da in aka sa mata ƙaho ko aska za ta iya mutuwa a wuni ɗaya, kuma tun ranar sunanta mutumin da muka binne shi ne ya tsaya tsakaninta da aska. Ni tela ne, keken ɗinki na sani, ga shi Allah ya yi ni da zafin kai. Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don in faɗi laifina da bakina.

Tambayar kunyar da mahaifiyata take nufi kowa ya san ta. Ka zo wurin Kawu da ciwon kai kana son ƙaho, ba zai taɓa zabira ba sai ya ce, “Mi ka ci jiya?” Ka faɗa. Sai ya ce, “To, mi ka fitar? Wane launi?” A gaban mutane fa! Liman ma bai tsira ba. Samari suna kwaikwayonsa a dandali, shi ko a jikinsa. Wani abin nasa kuma shi ne “bari in gani tukuna”. Sai ya kama hannunka ya juya tafin, ya ja fatar idonka ƙasa da babban yatsa ya leƙa, ya sa ka fito da harshe. Wanda yake sauri ba ya zuwa wurin Kawu.

Ranar sunan ɗiyata ya zo da sassafe, ya yi mata aski kamar yadda aka saba. Saura tsagar gado, wadda ke fuskata da fuskar ubana. Ya ɗauki askar, sai ya tsaya. A kumatunta na hagu, daidai inda tsagar za ta bi, akwai wani ɗan ƙullutu shuɗi, bai kai ƙwayar wake ba. Akwai wani a bayan kunne, wani a tafin ƙafa. Ya danna shi da yatsa, abin ya lotsa ya ɓace. Ya ɗaga yatsa, a hankali ya sake cika ya taso. Ya yi haka sau uku, sannan ya naɗe askarsa ya mayar cikin zabira.

Mahaifiyata ta ce, “Yaya, lahiya?”

Ya ce, “Ban san abin da ke ƙarƙashin nan ba. Ba ni yanka shi.”

Kai, ranar an yi ta! Dangin ubana suka ce an wulaƙanta su. Ɗiya ba tsagar gidansu, me mutane za su ce game da uwarta? Kuma sun faɗa ɗin, har ya dawo kunnena a kasuwa. Ranar Juma'a bayan an sallame Kawu ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce, “Ɗiyar ɗan ƙanwata, ni na hana a yi mata tsaga. Mai magana ya zo ya same ni.” Ba wanda ya je. Belunta ma bai cire ba, ya ce a bar mata abinta.

Tana girma ƙullutan suna ƙaruwa. Kafin ta shekara bakwai sun fi ashirin, a baya, a cinya, a hannu, ɗaya a gefen harshe. Manyan kamar kaska ce ta sha jini ta ƙoshi, shuɗaye, masu laushi. Wani lokaci su yi mata zafi har gumi ya tsattsafo a kansu. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tayar mana da hankali yadda take fari fat, tafin hannu ba ja ko kaɗan, daga ɗaki zuwa rijiya sai ta zauna sau biyu tana haki. Uwarta ta sha kama ta tana ɓantarar ƙasar katanga tana ci. Wasu suka ce maye ne ya kama kurwarta, wasu suka ce a kira 'yan bori. Amma maganar da ta fi shiga kaina ita ce ta tsofaffin gidanmu, don kowa yana ganin abin da idonsa: ga mataccen jini nan ya taru har ya yi shuɗi, a sa ƙaho a zuƙe shi mana! Duk wanda ya tashi a ƙasarmu abin da zai ce ke nan. Jini in ya mutu a jiki fitar da shi ake yi, haka muka taras.

Na je na sami Kawu yana wasa aska a kan fata. Na ce ya zo ya yi mata ƙaho. Ya ce a'a. Na ce don me? Ya ce, “Yarinyar da ba ta da jini, in ɗebe mata wanda ya rage?” Na ce to ya faɗa mini sunan cutar. Ya ce bai sani ba tukuna. Nan fa kaina ya ɗau zafi. Na ce masa shekara bakwai yana “bari in gani”, me ya gani? Na ce tsufa ne ya kama shi, hannunsa ya fara rawa, shi ya sa yake tsoron yarinya. Wan uwata na faɗa wa haka, a zaurensa, gaban mutum biyu da ke jiran aski. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da wasa askarsa.

Ranar kasuwa na ɗauke ta ba da sanin uwarta ba, na kai ta bayan kara, wurin sayar da dabbobi, inda baƙin wanzamai ke shimfiɗa buzunsu. Na sami wani baƙo da bai san mu ba. Ba na ɗora masa laifi, abin da na roƙa ya yi. Ya kafa ƙaho a bayanta kan ƙullutun da ya fi girma, ya cire, ya yi tsaga uku. Wallahi ban taɓa ganin jini ya fito haka daga jikin yaro ba. Ba tsartuwa yake ba, kwarara yake a hankali, baƙi-baƙi, kuma ya ƙi tsayawa. Baƙon ya sa toka, ya sa garin magani, jinin ya wanke su. Na warware rawanina na ɗaure ta, na saɓa ta a kafaɗa, na ratsa tsakiyar kasuwa da gudu, ba hula ba takalmi, sai zauren mutumin da na zaga.

Kawu yana tsakiyar yi wa wani aski. Ya bar shi da rabin kai, ya karɓe ta ya kifa a cinyarsa, ya naɗe tsumma mai tsabta ya dafe wurin da babban yatsansa. Tun hantsi yake dafe da shi. Aka kira azahar bai tashi ba, ya ce Allah yana ganinsa. Sai da la'asar ta yi sanyi ya ɗaga yatsan kaɗan ya leƙa, jinin ya tsaya. Yatsan ya sandare, sai da aka murza masa shi da man shanu kafin ya lanƙwasu. Duk tsawon wunin nan ina rakuɓe a bakin ƙofa ina jiran ya zage ni, ko ya kwaɗa mini mari in ji sanyi. Abin da ya ce kawai, “Tahi ka wanke rigarka kada uwarta ta gani.”

Kwana goma ban iya bi ta ƙofarsa ba. Rana ta goma sha ɗaya sai ga shi a rumfata riƙe da zabirarsa, wai maɗaurinta ya tsinke in ɗinke masa. Zabira fata ce, aikin baduku ne, ga dukawa nan jere kusa da ni, kuma ya fi kowa sani. Na karya allura biyu a kanta, ɗinkin ya fito a karkace. Ya juya ta ya ce, “Madalla,” ya zauna muka ci goro. Haka ya buɗe mini hanyar komawa gidansa, bai ƙara tayar da maganar ba.

A cikin kwanakin nan ne ya gano abin. Ya zo gidana ya tsaya daga bayan zana ya yi wa matata tambayar nan tasa. Surukinta ne, ina za ta iya amsawa? Ta rufe fuska ta shige ɗaki. Sai ya ce to, gobe in yarinya ta zaga kada a rufe da ƙasa. Washegari da safe ga dattijo mai farin gemu tsugune a bayan gidana da ɗan kara a hannu yana tona kashin yarinya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yafuto ni ya ce in duba. Baƙi ne ƙirin, mai danƙo, da wani irin wari.

Ya ce, “Tun yaushe shina haka?”

Matata daga cikin ɗaki ta ce ya fi shekara biyu, ta ɗauka ƙasar da take ci ce.

Ya jefar da karan ya ce, “Saurara ka ji. In na cire wa yaro belu ya haɗiye jini, washegari irin wannan yake fitarwa. Sau nawa uwaye sunka zo mini a guje, in ce su kwantar da hankali, jinin da ya haɗiye ne. To ita wa ya yanka mata maƙogwaro? Ba kowa. Ke nan jinin daga ciki yake zuba. Waɗannan na waje da kuke gani suna da 'yan'uwa a hanjinta, kuma su ne ke yoyo. Ba mataccen jini ba ne, ɗana. Jijiyoyi ne sunka kumbura, jininta mai rai ne a ciki.”

Mutum bai buɗe ciki ba, bai taɓa jin labarin mai irin cutar ba, yana tsugune a bayan gida yana faɗa mini abin da ke cikin hanjin ɗiyata. Har yau in na tuna sai in ce Subhanallahi.

Daga nan ya juya aikinsa gaba ɗaya: maimakon a cire mata jini, a ƙara mata. Kowace safiya ya bi ta mahauta ya karɓo hanta, ya tsaya a kanta sai ta cinye. Ya riƙa ɗebo ruwan da maƙera ke tsoma jan ƙarfe a ciki, a tace a dama mata fura da shi, don ya lura matan maƙera da ke sha ba su cika yin fari bayan haihuwa ba. Shi da kansa ya kai ta likita wurin majo. Majo ya ba da maganin tsutsar ciki har sau biyu, don yawancin yaran da ke fari a nan ita ce ke shanye su. Da maganin bai yi ba, ya ce, “Tsoho, faɗi naka.” Kawu ya faɗa. Majo ya danna ƙullutun hannunta, ya ce bai taɓa karanta wannan ba, amma bai ga inda maganar ta karye ba. Ya fara ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Ta ɗan yi ja, ta koma wasa da 'yan'uwanta.

Tana da shekara goma sha ɗaya wani ciwon ciki ya murɗe ta, ga amai, ciki ya kumbura ya yi tauri. Majo ya rubuta takarda ya ce Yamai, yau ɗin nan. Muka samu babbar mota mai ɗaukar fatu, Kawu ya riƙe ta a jikinsa tun daga Filinge har bakin asibitin. Bai taɓa zuwa Yamai ba sai ranar.

Lokotoron, wato babban likitan asibitin, Nasara ne, dogo, mai jan wuya. Yana duba ta Kawu ya matsa ya ce wa tafinta, “Gaya mishi in ya buɗe zai taras da irin waɗannan a hanji. Ɗaya daga ciki ne ya jawo hanjin ya shige cikin ɗan'uwansa ko ya murɗe.” Tafintan ya ji nauyin faɗa. Da ya faɗa, lokotoro ya dubi tsohon da zabirarsa a rataye, ya yi ɗan murmushi. Sai ya danna ƙullutun kumatunta, ya ga ya lotsa ya sake cika. Murmushin ya ɗauke. Ya ce ana bukatar jini kafin a shiga da ita.

Ni kuwa, mai bakin zagin kawunsa, da na ga allura da kwalba sai na ja da baya, don a garinmu ana cewa jinin da Nasara ya ɗiba ba ya dawowa. Kawu ya miƙa nasa hannun, aka ce ya tsufa. Ya juyo ya ce mini, “Shekara arba'in ina ɗibar jinin mutane ina binnewa a rairayi. Yau ga waɗanda ke mayar da shi cikin mutum, kai kana ja da baya? Kwanta!” Na kwanta. Ya tsaya a kaina yana kallon kwalbar tana cika, bakinsa a buɗe kamar yaro.

Da aka gama aikin lokotoro ya aiko a kira tsohon. Muka shiga tare. A cikin wani farin kwano ga guntun hanji, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, jikinsa duk ƙullutai shuɗaye irin na fatarta sak, ɗaya ya kai girman goro. Lokotoro ya ce tun da yake aiki bai taɓa gani da idonsa ba, a littafi kawai ya taɓa cin karo da labarin mai kama da ita. Ya ce a tambayi tsohon a wace lakwal ya yi karatu. Kawu ya ce, “Gaya mishi kashin yara na duba.” Tafinta ya ƙi fassarawa sai da lokotoro ya matsa. Da ya ji bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye ya ba Kawu hannu, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya gaya mana gaskiya: ya yanke inda ya fi muni, amma akwai sauran ƙanana da ba za su ciru ba, cutar ba ta warkewa. Ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini muddin ranta, a riƙa duba idonta, in ya yi fari a kawo ta. Kada a ɗebi jininta ko kaɗan.

Ta tashi, ta girma, fuskarta sumul ba tsaga. Ɗan abokina, mai fataucin hatsi, ya ce yana so, ita ma ta ce shi take so. Na zaunar da shi na karanta masa komai, ya ce ya ji. Aka kai ta can arewacin Abala, tafiyar kwana biyu. Shekara uku ke nan.

Ran sadakar bakwai ta Kawu, muna cikin rabon waina, wani mai jaki ya kawo saƙo. Ta haihu, namiji, amma jiki ya yi sanyi, ba ta iya tashi. Mijinta yana kudu da ayarin hatsi. Uwar mijin, wadda ke ƙaunarta kamar ita ta haife ta, ta ce jinin biƙi ne ya kwanta mata, ta aika a kira wanzamin ƙauyen gaba ya zo ya yi mata ƙaho. Mai jakin ya ce shi kwana biyu ke nan da barowa.

Ban san sa'ad da na ari dokin maƙwabcina ba. Tafiyar kwana biyu na yi ta a wuni ɗaya da rabi, ina tafe ina cewa shi ke nan, tsohon ya tafi, ita ma ta bi shi. Da hantsi na shiga ƙauyen. A ƙofar gidan na taras da wani mutum zaune a gindin aduwa, baƙi siriri, ban taɓa ganinsa ba. Zabira ce a kan cinyarsa. Na diro na tsaya a kansa, na ce, “Ka taɓa ta?”

Ya ce, “Kai ne uban?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “Zauna, Malam. Ban kwance zabirar ba. Kwana uku tsohuwar nan tana roƙona, har ta ce ba ni da imani. Na ce a nemo hanta, a nemo ƙwayoyinta da sunka ƙare, na aika Abala an samo. Ban tahi gida ba don kada a kira wani bayana.”

Na ce wa ya gaya masa?

Ya ce shekarar da aka kawo ta, da rani, wani tsohon wanzami daga Filinge ya sauka gidansa a kan jaki. Ya kwana biyu, ya kwatanta masa cutar tun daga danna ƙullutu har launin abin da ake fitarwa, ya sa shi ya yi alkawari. Ba shi kaɗai ba. Duk mai riƙe da aska daga nan har Abala, har kasuwannin da mijinta ke ci, tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mu a gida ce mana ya yi zai je gaida tsofaffin abokai.

Mutumin ya gyara zabirar a cinyarsa ya ce, “Cewa ya yi, mace mai shuɗin ƙullutu a kumatun hagu, ba tsaga a fuskarta, ba a sa mata ƙaho, ba a sa mata aska, ko wa ya roƙa. Na ce ko mijinta? Ya ce ko mijinta. Na ce to in ubanta ne ya kawo ta da kansa fa? Sai ya yi dariya ya ce, ‘Uban nata, ɗana ne, yana sonta ƙwarai. Shi za ka fi tsarewa.’”

Na shiga ɗakin. Tana jingine da bango, jaririn yana tsotso. Na ja fatar idonta ƙasa da babban yatsana, na ga ja ya fara dawowa. Ta ce, “Baba, ina Kaka? Ya ji na haihu?” Ashe ba wanda ya gaya mata. Na zauna a bakin gadon na gaya mata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya tsare shi kamar yadda ya tsare mini ita.